error_report ko Error **errp: wacce hanya ta dace da kod ɗin ƙaurar VM a QEMU?

Duk mai kula da sabobin da ke ɗauke da VM, wato kwamfutar da ke zaune a cikin wata kwamfuta, ya san wannan layin ko ɗan'uwansa: "load of migration failed: Invalid argument". An ɗauko VM tana aiki za a mayar da ita wata saba ba tare da an kashe ta ba, ƙaurar ta watse a hanya, abin da aka samu ke nan a hannu. Wace na'ura ce ta ƙi? RAM ne bai yi daidai ba, ko katin netwok, ko faifai? Layin bai faɗa ba. Amsar tana can sama a kundin log na sabar da za a sauka, in ma an rubuta ta. Shi kuwa ɓangaren da aka taso, sau da yawa abin da zai nuna bai wuce "Unable to write to socket: Broken pipe" ba, wanda ma'anarsa kawai ita ce abokin maganarsa ya mutu.

Wannan ruɗani ba daga sakacin mutum ɗaya ya fito ba. Fabrice Bellard ya fara QEMU, manhajar da ke gudanar da waɗannan VM, a 2003, kuma kod ɗin ƙaura ya girma ne a hannun mutane da yawa, kowa da zamaninsa. Shi ya sa a cikin babban fayil na migration/ za ka tarar da hanyoyi uku na sanar da kuskure suna zaune kafaɗa da kafaɗa: buga saƙo nan take da error_report(), miƙa kuskuren sama ga fankishin da ya kira ta Error **errp, da kuma ajiye shi a wani wuri na tarayya da qemu_file_set_error() ko migrate_set_error(). Mai rubuta sabuwar na'ura ko mai gyara tsohuwa dole ya zaɓa. Ra'ayina tun daga farko shi ne: tambayar da za ta raba gardamar ita ce wa ke jiran wannan kuskuren, kuma a ina yake tsaye.

Wa ke jira

A QEMU na yau, da wuya a ce mutum ne zaune gaban tagar umarni yana kallon abin da ke fita. Wanda ke riƙe da akalar shi ne manhajar gudanarwa kamar libvirt, ko Proxmox VE, a samansu kuma OpenStack ko KubeVirt ko oVirt. Suna magana da QEMU ta QMP, wato saƙonnin JSON. Umarnin migrate na QMP ba ya jira ƙaura ta ƙare. Yana duba abubuwan farko, ya kunna aikin, ya dawo da amsar cewa an fara. Sauran aikin yana gudana a wani zare na daban, wato wani layin aiki da ke tafiya shi kaɗai a cikin QEMU. Bayan haka, hanyar da manhajar gudanarwa ke sanin halin da ake ciki ita ce ta tambaya da query-migrate, ko ta saurari sanarwar MIGRATION. Amsar query-migrate tana da status, kamar active, completed, failed ko cancelled, tana kuma da error-desc, wanda aka ƙara tun QEMU 2.7. Duk kuskuren da bai isa error-desc ba, a wajen manhajar gudanarwa kamar bai faru ba ne. Za ta ga failed, ta rasa dalili.

Da wannan ma'auni za a auna hanyoyin uku.

Hanya ta farko: a buga nan take

Ga yadda take, a misalin wata na'ura da na ƙirƙira don bayani:

static int mydev_post_load(void *opaque, int version_id)
{
    MyDev *s = opaque;
    if (s->nqueues > MYDEV_MAX_QUEUES) {
        error_report("mydev: too many queues: %u", s->nqueues);
        return -EINVAL;
    }
    return 0;
}

Sauƙinta ba ya buƙatar talla. Layi ɗaya ne, babu abin da za a 'yantar daga memori, babu sa hannun fankishin da za a canza. Saƙon yana fita a daidai lokacin da abin ya faru, ko da QEMU zai faɗi bayan daƙiƙa ɗaya. Wannan fa'ida ce ta gaske, kuma masu son hanya ta biyu sukan raina ta. Kuskuren da ake ɗauke da shi a hannu ana hawa da shi yana iya ɓacewa in wani fankishin a tsakiya ya manta bai miƙa ba. Wanda aka riga aka buga ya bugu.

Amma ina yake zuwa? error_report() yana rubutu a tagar HMP, wato tagar umarni da mutum ke rubutu a ciki, in daga can umarnin ya fito, in ba haka ba sai stderr, mafitar saƙonnin kuskure ta manhajar. Zaren ƙaura ba shi da wata taga, don haka stderr ne. A ƙarƙashin libvirt, stderr yana ƙarewa a /var/log/libvirt/qemu/, fayil ɗaya ga kowace VM, a kan sabar da abin ya faru. Abin da ke hawa sama shi ne -EINVAL kawai, lamba 22, wadda can a ƙarshe ake mayar da ita "Invalid argument". Daga nan layin da muka fara da shi ya samo asali.

Akwai wata illa da ta fi wannan ɓoyuwa. Tunda kowane mataki ya san cewa lamba kaɗai zai miƙa, sai kowa ya buga nasa saƙon. A tsohon kod, na'ura ta buga, vmstate.c ya buga cewa ya kasa ɗora wani fili, savevm.c ya buga "error while loading state for instance 0x0 of device", sannan na ƙarshe ya rufe da "load of migration failed". Kuskure ɗaya, layi huɗu. In VM ɗin ɗaya ce, ido zai iya haɗa su. In zare da yawa ne ke rubutu lokaci guda, layukan sukan cakuɗe, sai ka ga mai karatu ya kama na ƙasa ya bar na sama.

Sannan fankishin da ya buga ya yanke hukunci a madadin wanda ya kira shi. Wataƙila mai kiran yana da wata dabara, zai sake gwadawa ta wata hanya kuma ya yi nasara. Log dai ya riga ya ce an samu kuskure, mai gadin tsarin ya riga ya tashi da dare.

Hanya ta biyu: a miƙa sama

Tsarin Error yana cikin include/qapi/error.h, kuma dogon bayanin da ke saman wannan fayil, wanda Markus Armbruster ya daɗe yana kula da shi, ya cancanci a karanta shi gaba ɗaya kafin a taɓa komai. Ƙa'idar a taƙaice: wanda ya gano kuskure ya ƙirƙire shi da error_setg(), bai buga ba. Wanda ya san abin da za a yi da shi, shi ne zai buga ko ya ajiye ko ya watsar.

static bool mydev_check(MyDev *s, Error **errp)
{
    if (s->nqueues > MYDEV_MAX_QUEUES) {
        error_setg(errp, "too many queues: %u (max %u)",
                   s->nqueues, MYDEV_MAX_QUEUES);
        return false;
    }
    return true;
}

Kowane mataki na sama, maimakon ya buga sabon layi, sai ya ƙara nasa bayanin a gaban saƙon da error_prepend(). A ƙarshe ana samun jimla ɗaya mai ɗauke da sunan na'ura, da filin da ya ƙi, da lambar da aka gani da wadda ake tsammani. Jimlar nan ita ce za ta iya shiga error-desc ta isa allon wanda ya danna maɓallin ƙaura.

Wannan ita ce hanyar da nake goyon baya ga duk sabon kod, amma ba kyauta ba ce, kuma gara a san kuɗinta tun kafin a shiga.

Na farko, tana da tarko. error_setg() yana tabbatarwa da assert, wato dubawar da ke kashe manhaja in sharaɗi bai cika ba, cewa babu wani kuskure a cikin *errp. In aka saka na biyu a kan na farko, QEMU zai faɗi nan take. A kod ɗin ƙaura wannan ba ƙaramin abu ba ne: a ɓangaren tashi, faɗuwar QEMU mutuwar VM ce mai aiki, wadda da ta ci gaba da rayuwa ko ƙaurar ta watse. Irin wannan yakan faru a madauki mai zagaya na'urori, inda aka ci gaba da zagaye bayan ta farko ta ƙi. Tsohon kod mai error_report() zai buga sau biyu ne kawai ya wuce, don haka juya shi layi bayan layi ba tare da duba hanyar fita ba ganganci ne.

Tarko na biyu shi ne duba *errp don sanin ko an yi nasara. Mai kira yana da damar miƙo NULL in bai damu da dalilin ba, ko &error_fatal in yana so a fita, ko &error_abort in yana ganin abin ba zai taɓa faruwa ba. Taɓa *errp alhali NULL ne faɗuwa ce. Da &error_fatal kuwa, QEMU yakan fita a cikin error_setg() kafin error_prepend() ya samu damar ƙara komai. Maganin waɗannan biyun shi ne ERRP_GUARD(), wanda ya shigo a 2020 tare da QEMU 5.1. Ana sa shi a layin farko na fankishin. Kuma ƙa'idar error.h ta ce duk inda zai yiwu, fankishin ya dawo da alamar nasara ko kasawa, true ko false, ko lamba ƙasa da sifili, don kada mai kira ya dogara da leƙa cikin errp.

Wannan ƙa'ida tana da wani amfani da ba a cika faɗa ba. Error saƙo ne na mutum. error_setg() yana ba kowa aji ɗaya, GenericError, kuma bayanin error-desc ya gargaɗi manhajoji kada su tsaga rubutun don yanke hukunci. Ko error_setg_errno() rubutun errno, wato lambar kuskure irin EINVAL, kawai yake liƙawa a ƙarshen saƙo, ba ya ajiye lambar. Saboda haka in mai kira yana buƙatar bambanta "sake gwadawa" da "babu dawowa", lambar da aka dawo da ita ce za ta gaya masa. Ba a jefar da -errno don an samu errp, tare suke tafiya.

Wani abin lura: error_append_hint() yana ƙara shawara ga mai amfani, amma shawarar tana fita ne kawai in an buga kuskuren da error_report_err(). Ba ta bin QMP. Duk bayanin da mai gudanarwa ba zai iya aiki ba sai da shi, a sa shi cikin saƙon kansa.

Kuɗi na ƙarshe shi ne yawan aiki. Ƙara errp ga fankishin ɗaya yana jawo duk masu kiransa da duk waɗanda yake kira. A ƙaura abin ya fi tsanani, domin ƙugiyoyin VMStateDescription da SaveVMHandlers, wato fankishin da na'ura ke bayarwa don kod ɗin ƙaura ya kira, na'urori masu ɗimbin yawa ne ke amfani da su. Tarihin ya nuna yadda abin ke tafiya a hankali: pre_save ma sai a 2017 ta fara dawo da lamba, kafin nan ba ta da hanyar cewa ta kasa. save_setup kuma ta samu nata Error **errp  ne a 2024. Ga kuma gwaje-gwajen tests/qemu-iotests da ke kwatanta abin da ya fita da rubutun da aka ajiye, wanda canza saƙo kan sa a gyara su ma.

Inda errp ya tsaya

Miƙa sama yana aiki ne muddin akwai na sama. A cikin umarnin migrate kansa, kafin a kunna zare, errp yana kaiwa har amsar QMP: adireshi mara kyau, ƙaura tana kan gudana, ko wata na'ura ta sa shinge da migrate_add_blocker(). Wannan shingen misali ne mai kyau na tsarin, domin na'urar tana ajiye dalilinta a matsayin Error tun da wuri, sai a miƙa wa duk wanda ya nemi ƙaura.

Da zarar an shiga zaren ƙaura, wanda ya ba da umarnin ya tafi. Babban fankishin na zaren ba shi da wanda zai miƙa wa. A nan hanya ta uku ke shigowa, kuma ba kishiyar ta biyu ba ce, ƙarshenta ce.

Hanya ta uku: a ajiye, na farko ya zauna

Tana da fuska biyu. Ta farko a QEMUFile take, bututun da bayanan ƙaura ke bi. qemu_put_be32() da qemu_put_buffer() ba sa dawo da komai. An yi haka da gangan: in za a duba nasarar kowane rubutu na bait huɗu, kod ɗin na'ura zai zama rabi aiki rabi dubawa. Sai bututun ya riƙe kuskuren farko da ya same shi, a ci gaba, a tambaye shi da qemu_file_get_error() a wuraren da suka dace. Daga baya an ƙara qemu_file_set_error_obj() don ya riƙe cikakken Error tare da lambar.

Haɗarin yana ɓangaren karatu. In bututu ya mutu, qemu_get_byte() da 'yan'uwansa sifili suke dawowa da shi. Kod ɗin da ya karanta ya fara tantance ƙimar kafin ya tambayi bututu zai yi ƙarya da zuciya ɗaya: zai ce sigar ba ta dace ba, ko tsawo bai yi daidai ba, alhali waya ce ta tsinke. check_section_footer() a savevm.c ya nuna yadda ake yi. Yana karanta alamar, ya tambayi bututu ko lafiya, sannan ne yake kwatanta alamar da abin da yake tsammani har ya ce "Missing section footer". Wannan jerin, karanta, tambayi bututu, tantance, shi ne abin da nake fara dubawa a duk facin da ya shafi ɗorawa.

Kuma akwai ɗabi'ar da ya kamata a guje mata: amfani da qemu_file_set_error(f, -EINVAL) a matsayin ƙofar baya, inda na'ura ta samu matsalar kanta, ta rasa hanyar faɗa, sai ta shafa wa bututu. Ƙaurar za ta tsaya, amma laifin ya koma kan hanyar sadarwa, dalilin kuma ya zama lamba tsirara.

Fuska ta biyu a MigrationState take. migrate_set_error() yana ɗaukar makulli, in babu kuskure a ajiye sai ya kwafi wannan ya ajiye, in akwai sai ya bar na farko. Daga nan query-migrate ke ɗauko error-desc.

Me ya sa na farko? An ce ba inda aka faɗi ake dubawa ba, inda aka yi tuntuɓe ne. Da multifd, wanda ya fita daga matakin gwaji a QEMU 4.0, shafukan RAM suna bin tashoshi da yawa, kowace da zarenta, biyu in ba a canza ba, kuma mutane kan ƙara. In ɗaya ta gamu da matsala ta gaske, za a rufe sauran da ƙarfi, kowace kuma ta dawo da nata kukan na soket. Da na ƙarshe ake ajiyewa, kullum kukan rufewa za a gani. Daga nan doka ɗaya ta fito wadda take da sauƙin karyawa: a ajiye kuskuren kafin a fara rufe tashoshi, kuma kafin a mayar da status ya zama failed. In aka juya jerin, ko dai kuskuren bogi ya riga na gaskiya shiga, ko manhajar gudanarwa ta ji sanarwar failed ta tambaya nan take ta tarar error-desc babu komai.

Sokewa ma haka. migrate_cancel yana rufe bututu da gangan don ya farkar da zaren da ya maƙale a rubutu. Kuskuren da zaren zai gani sakamakon umarni ne, bai kamata ya mayar da cancelling ya koma failed ba. Shi ya sa migrate_set_state() ke karɓar tsohon matsayi da sabo, yana canzawa ne kawai in tsohon ya dace.

Raunin wannan hanya shi ne na biyu da na uku suna ɓacewa shiru. Galibi hakan alheri ne. Wani lokaci kuwa na biyun yana da labari, misali an kasa mayar da faifai hannun ɓangaren tashi bayan ƙaura ta watse. Irin wannan ba a barin shi ga migrate_set_error(), a buga shi a log kai tsaye, domin matsala ce sabuwa mai zaman kanta.

Postcopy ya canza nauyin komai

A ƙaurar precopy, ana kwafe RAM alhali VM na aiki, a tsayar da ita na ɗan lokaci a ƙarshe, milisakan 300 ne iyakar da aka sa in ba a canza ba. In abu ya lalace, ɓangaren tashi yana da komai, VM ta ci gaba a gida. A postcopy, wanda ya shigo a QEMU 2.5 bisa userfaultfd na Linux 4.3, wato tsarin da ke sanar da QEMU in an taɓa shafin da bai iso ba, VM ta riga ta fara aiki a masauki alhali wasu shafukanta na can baya. Babu ɓangaren da ke da cikakkiyar VM. Fita a nan asara ce. Shi ya sa tun QEMU 3.0 tsinkewar hanya ke kai ƙaurar matsayin postcopy-paused, a gyara hanya a dawo da migrate-recover.

Wannan shi ne dalili mafi ƙarfi a kan hanya ta farko, musamman in ta zo da exit() ko &error_fatal a ƙasan kod. Fankishin da ke karanta shafi bai san ko precopy ake ba ko postcopy, bai san ko tsinkewar nan mutuwa ce ko hutu ba. Wanda ya sani yana sama, kuma sai kuskuren ya iso shi da lafiyarsa zai iya zaɓa.

Ɓangaren sauka ma ya samu irin wannan sauyi. A al'ada, in ɗorawa ta kasa, QEMU na masauki fita yake yi, sai libvirt ya koma tonon wutsiyar log don ya samo abin faɗa. QEMU 9.1 ya ƙara exit-on-error a umarnin migrate-incoming. In aka sa shi false, QEMU zai zauna da rai, ya aika sanarwa, a tambaye shi dalili da query-migrate. Amma wannan ƙofa tana da amfani ne gwargwadon yadda kod ɗin ɗorawa ke miƙo Error mai ma'ana. In har na'ura ta buga a stderr ta dawo da -EINVAL, abin da za a karanta a error-desc tsohon layin nan ne.

To wacce za ka ɗauka

In sabon fankishin kake rubutawa wanda zai iya kasawa, ba shi errp a matsayin na ƙarshe a sa hannunsa, ya dawo da bool ko lamba, kada ya buga komai. Kada ka haɗa error_setg() da error_report() a kan kuskure ɗaya wai don a tabbata, wannan shi ke haifar da saƙo biyu. A saman zare, wuri ɗaya tak, ka ajiye da migrate_set_error(), ka buga da error_report_err() don log ya samu rabonsa, sannan ka canza status.

In ƙugiyar da kake ciki ba ta da errp kuma ba ka da ikon canza ta yanzu, error_report() ba laifi ba ne. Abin da nake so a yi shi ne a raba aikin biyu: fankishin na ciki mai errp kamar mydev_check() na sama, da ƙugiya siririya da ke kiransa ta buga abin da ya dawo. Ranar da ƙugiyar ta samu errp, gyaran layi biyu ne. Kuma saƙon ya ɗauki sunan na'ura da ƙimomin biyu, wadda ta zo da wadda ake so, kamar yadda ram.c ke yi a "Length mismatch", inda yake faɗin sunan yankin RAM da tsawon kowane ɓangare.

Abin da bai hana ƙaura ci gaba ba, warn_report() ne nasa, kuma kada ya kusanci migrate_set_error(), domin zai tare gurbin da kuskuren gaske zai zauna. Abin da ke iya maimaituwa ga kowane shafi na RAM kuwa, wurinsa trace ne, wato saƙonnin bincike da ba sa fita sai an kunna su, in ba haka ba VM mai gigabait 64 za ta cika faifan log da layi iri ɗaya.

Ga mai juya tsohon kod, fara daga ƙasa: fankishin na can ciki ya koma errp, mai kiransa ya buga na wucin gadi, faci na gaba ya ɗaga wurin bugawar mataki ɗaya sama. Ta haka kowane faci yana haɗuwa shi kaɗai, babu matakin da saƙo ya ɓace ko ya fita sau biyu, kuma git bisect, mai gano facin da ya kawo matsala, zai ci gaba da aiki. Kafin ka aika wa masu kula da migration/, ka karya ƙaurar da hannunka: ka ba masauki RAM da bai kai na tashi ba, ka sa exit-on-error ya zama false, ka tambayi query-migrate a ɓangarorin biyu, ka karanta error-desc ba tare da ka buɗe log ba.